Wa Ya Koya Wa Ɗanka Ya Ce “Ta Zo”?

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk shekara in an ba da hutun makaranta, ko kuwa Salla ta gabato, motocin da ke tasowa daga Ikko da Badun da Shagamu sukan sauke mana baƙi a nan Minna, waɗansu su tsaya, waɗansu su zarce Kontagora ko Zariya ko Kano. Cikin baƙin nan akwai yara ƙanana, watau 'ya'yanku, jama'a mazauna Kurmi, an kawo su ganin dangi. To, ba a kwana biyu sai ka ji tsofaffi sun fara kuka iri ɗaya. Yaro ya buɗe baki ya ce, “Mamana ya ce in gaishe ki,” ko kuwa ya ce, “Akuyan ya gudu.” Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce an mayar mata da jika Bayarabe. Uban yaro ya ji kunya, ya ce ai ƙuruciya ce, in ya girma zai gyara, tun da yake ɗan Bahaushe ne.

Wannan magana ta uban yaro ita nake so mu duba yau, domin a ganina ita ce ke cutarmu. Mutane da yawa sun ɗauka Hausa a cikin jini take, kamar kamanni ko tsawo, ana gadonta ko ba a ji ta ba. Ba haka ba ne. Ta kunne take shiga, kuma tana da lokacin shiga, wanda in ya wuce sai an sha wahala.

Bari mu fara da tambaya. Kai mai karatu, wa ya zaunar da kai ya gaya maka cewa mota mace ce, jirgi kuwa namiji ne? Wa ya ce maka a ce “rigar Audu” amma “wandon Audu”? Babu. Kafin ka shiga makarantar allo ka riga ka san wannan, ba bulala, ba alli. Malamai masu nazarin harshe a ƙasashe dabam-dabam sun lura cewa yaro yakan soma haɗa kalmomi biyu yana wajen shekara biyu, kafin ya kai biyar kuwa ya riga ya kama galibin ƙa'idodin harshen da ake yi masa. Abin mamaki shi ne ba haddace maganar manya kaɗai yake yi ba. Saurare yake yi, ya tsamo doka da kansa, sa'an nan ya gwada ta a kan kowace kalma.

Shaidar wannan tana cikin kuskuren da yara ke yi, wanda mu manya muke yi wa dariya. Yaro ya ji an ce riga ta jiƙe, miya ta zube, fitila ta mutu. Sai ya gane cewa abin da ya ƙare da “a” mace ne. Ran nan sai ka ji ya ce, “Ruwa ta zube,” ko “Nama ta ƙare.” Bai taɓa jin haka daga bakin uwarsa ba. Shi ya ƙirƙiro, kuma dokar da ya bi gaskiya ce, illa dai bai riga ya san cewa ruwa da nama da gida da suna sun kauce mata ba. Da sannu zai gane su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo ya san cewa gwamnati mace ce ko da yake ba ta ƙare da “a” ba, haka kuma Kano da Sakkwato da ranar Litinin.

Jam'i ya fi wannan wuya. Hausa tana da hanyoyi fiye da goma na mai da abu ɗaya ya zama da yawa: gida gidaje, kare karnuka, sarki sarakuna, ido idanu, tunkiya tumaki, akuya awaki, saniya shanu, mutum mutane. Hanyar da ta fi sauƙin kamawa ita ce ta mota motoci, taga tagogi, hanya hanyoyi, kuma ita ce sababbin kalmomi suka fi bi, kamar waya wayoyi da tasha tashoshi. Saboda haka ita yaro yake fara riƙewa, ya yi ta ɗora ta a kan kome. Ya ce jirgogi, ya ce karori. In ya ga hawan Salla ya ce, “Baba, ga dokoki!” Watau dawaki yake nufi, bai san ya shiga harkar alƙalai ba. Yaron da ya faɗi haka ba abin tsawa ba ne, alama ce kansa yana aiki.

A shekarar 1958 wata Ba'amurkiya mai suna Jean Berko ta gwada wannan abu a fili. Ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta raɗa mata sunan da babu shi a Turanci, “wug”, ta nuna wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai. Sa'an nan ta nuna musu guda biyu ta ce su faɗi sunansu. Yaran suka ƙara wa kalmar harafin jam'i na Turanci daidai, alhali ba wanda ya taɓa jin ta. Kowa na iya gwada irin wannan a gidansa da Hausa.

Amma inda ni na fi jinjina wa yaron Bahaushe shi ne wajen aikatau, abin da malaman zaure ke kira fi'ili. Dubi wannan: “Na sayi doya.” “Na saye ta.” “Doya na saya.” Kalma ɗaya ce, ƙarshenta ya sāke sau uku, gwargwadon abin da ya biyo bayanta. Haka ɗauki, ɗauke, ɗauka. Haka tambayi, tambaye, tambaya. Tambayi dattijo ɗan shekara saba'in dalilin wannan, ba zai iya gaya maka ba, amma ba zai taɓa kuskurewa ba, jikarsa 'yar shekara biyar ma haka. Har wa yau yaro ya san bambancin shiga da shigo, fita da fito, sauka da sauko, saya da sayo da sayar. Ya san a ce “sun zo”, amma in tambaya ce a ce “su wa suka zo?” Sai a 1960 wani Bature mai suna Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, ɗalibai suna ta fama da su a jami'a har yau, ga shi kuwa yara suna wasa da su a tsakar gida.

Kowane harshe da irin kayan da yake ɗora wa yaro, kuma in mun leƙa wani harshe za mu fi gane nauyin namu. Ɗauki Farisanci, harshen su Salmanul Farisi, wanda ake yi a Iran da Afganistan da Tajikistan. Ba baƙo ne gare mu ƙwarai ba, don kalmomi irin su sukari da lemo sun ratsa ta cikinsa kafin Larabci ya kawo mana su. Yaron Farisa ba ruwansa da namiji da mace a nahawu: kalma ɗaya, “u”, ita ce shi, ita ce ita. Jam'i kuma kusan kome sai ya ƙara masa “ha”: ketab littafi, ketabha littattafai, asb doki, asbha dawaki. Wajen haɗa suna da suna, inda mu muke da “n” da “r”, shi “e” ya ishe shi: ketabe Ali, littafin Ali. Za ka ce ya huta. Ina! Nasa kayan yana jiransa a gaba. Aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jimla, kuma kowanne yana da saiwa biyu, ta abin da ya wuce da ta abin da ake ciki, waɗansu ba su ko yi kama da juna ba: “did” ya gani, “mibinad” yana gani, “kard” ya yi, “mikonad” yana yi. Ga kuma wata 'yar kalma, “ra”, da ake sa wa bayan abin da aka yi wa aiki in sananne ne, a bar ta in ba sananne ba ne. Yaron Tehran yana ɗauke duk wannan kamar yadda namu yake ɗauke awaki da tumaki, ta hanyar ji safe da yamma.

Dalilin da ya sa na kawo Farisawa shi ne, su ne suka fi ba mu hujja cewa harshe ba gado ba ne. Sibawaihi, wanda ya rubuta Alkitab, babban littafin nahawun Larabci da malamanmu ke girmamawa, Bafarishe ne, a Basra ya yi karatu. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi bayanin cewa irin su Sibawaihi asalinsu ne kawai na Farisa, amma cikin masu Larabci suka tashi, kuma ya ce iya harshe sabo ne da ake samu ta yawan ji da maimaitawa. Kafin wannan ma mutanen Makka sukan ba da jariransu reno a ƙauye, ɗaya daga cikin dalilai kuwa shi ne su tashi da fasahar harshe. Da jini yana isa, da ba su wahalar da kansu ba.

Mu dawo gida. Babu inda ya fi Minna dacewa mutum ya ga wannan abu da idonsa. Garin Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwarawa. Layin dogo da ya taso daga Baro ya bi ta nan ya isa Kano a 1911, na Ikko kuma ya zo ya haɗu da shi a nan, sai garin ya cika da leburori da fatake da ma'aikatan reluwe, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da shi hedkwata, sai abin ya ƙaru. Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da tasha.

To, je Kasuwar Gwari ka saurara. Matar da ta kawo doya daga ƙauye, wadda ta koyi Hausa da girmanta, za ta yi ciniki da kai sarai, ba za ka cuce ta ko kwabo ba. Amma za ka ji ta ce “yarinya ya zo”, domin Gwaranci da Nufanci ba su raba shi da ita, kamar dai Farisanci. Shekara talatin tana zuwa kasuwar nan, abin bai zauna mata ba. Ɗanta kuwa, wanda aka haifa a Limawa ko Kwangila ya yi wasan ƙasa da 'ya'yan Hausawa, in ya yi magana ba ka raba shi da su. Uwa ɗaya, jini ɗaya, bambancin kawai shekarun da Hausa ta shiga kunnen kowannensu.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, don laifi tudu ne. Mu ne muke kiran maganar jariri “gwaranci”, abin da bai dace ba, tun da Bagwari yana da harshensa cikakke mai nasa dokoki, wanda in aka ce mu yi shi mu ne za mu zama abin dariya. Bugu da ƙari, dattawan Gbagyi a nan Minna suna irin kukan da tsofaffinmu ke yi: jikokinsu na cikin gari sun koma Hausa, ana yi musu magana da harshen gida suna amsawa da namu. Abin da Hausa take yi wa ɗan Bagwari a Bosso shi ne Yarbanci da Turancin buroka suke yi wa ɗanka a Agege. Harshen titi yana da ƙarfi, ba ya kuma neman izinin kowa.

Lura da abin da ke fara zubewa a bakin yaron da ya tashi a Kurmi. Na farko shi ne namiji da mace, domin Yarbanci “o” kawai yake da shi ga kowa, haka harshen Ibo. Na biyu jam'i, domin Bayarabe ba ya taɓa jikin kalma, “awon” yake sa wa a gabanta ya wuce. Na uku haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Ba sabon abu ba ne. Hausar zangon Kumasi da Ankara ta bi wannan hanya tun da daɗewa, ta zubar da bambancin namiji da mace da yawancin haruffan nan. Ba na ce tasu ba Hausa ba ce, harshensu ne kuma suna alfahari da shi. Ko a Zariya da Bauci ma za ka ji “motan” da “rigan”, ba wanda ya ce su ba Hausawa ba ne. Abin da nake tsoro ya wuce nan. Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, ta riƙe Hausa ne saboda unguwa ce guda, maƙwabci Bahaushe, mai shago Bahaushe, abokin wasa Bahaushe. Yau kuwa da yawa daga cikinku kuna haya ne a warwatse, gida ɗaya Bahaushe ɗaya, yaro ya shiga makarantar reno yana shekara biyu, ba ya jin Hausa sai “zo”, “tafi”, “bari”, “ci abinci”. Daga irin waɗannan guntaye ba ya iya tsamo dokar sayi da saye da saya. Irin wannan yaro ba sabuwar Hausa zai yi ba, barin ta zai yi.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce harshe biyu ko uku suna rikita yaro, gara a bar shi da Turanci tun da shi ne na jarrabawa da neman aiki. Wannan tsoro ya daɗe, Turawa ma sun yi shi. A 1962 waɗansu malamai biyu, Peal da Lambert, suka gwada yara 'yan shekara goma a birnin Montreal na Kanada, suka tarar masu Faransanci da Turanci duka ba su gaza masu harshe ɗaya ba, sun ma fi su a gwaje-gwaje da dama. Ba sai mun je Kanada ba ma. A Ife, nan kusa da ku, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun soma wani gwaji a 1970, aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci kuwa darasi ne kawai, kuma yaran ba su koma baya a Turancin ba. Yaro ɗan Minna mai Gwaranci da Hausa da Turanci, wani har da Nufanci, ba mu ga ya haukace ba. In ka ji ɗanka yana cakuɗa harsuna a jimla ɗaya, kada ka damu, zai rarrabe su da kansa muddin yana jin kowanne isasshe.

Kada kuma a jira gwamnati. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na jama'ar da yake cikinsu. A 2022 aka ce a kai shi har ƙarshen firamare, a 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar an janye, an koma Turanci. Ko da ma ba a janye ba, ɗanka da ke Mushin harshen jama'ar da yake cikinsu Yarbanci ne. Ba malamin da zai koya masa Hausa a can. In bai same ta a ɗakin uwarsa ba, ba shi da inda zai same ta.

Wani zai ce ai akwai finafinan Kano a waya, ga rediyo, ga talabijin. Suna da amfani ga yaron da ya riga ya iya, amma ga jariri ba su isa ba. A 2003 wata malama a Amurka, Patricia Kuhl, ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata tara magana da harshen Sin. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana yi musu wasa da magana sun kama bambancin sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa akwati kuwa ba su kama kome ba. Tun kafin yaro ya cika shekara kunnensa yake soma zaɓen sautukan da zai riƙe da waɗanda zai watsar, watau maganar ƙ da k tun yana goye ake yanke ta.

Saboda haka aikin na mata ne da maza duka, amma ina ganin mu maza mun fi sakaci. Maigida ya fita tun asuba zuwa kara ko Mile 12 ko wajen canji, ya dawo yara sun yi barci, ran da yake gida kuwa sai ya riƙa yi musu Turanci don a san ya waye. Uwa kuma, musamman in ita ma a can aka haife ta, ta ga Yarbanci ya fi mata sauƙi. Ba na ce a hana yaro Yarbanci ba, arziki ne, zai ci abinci da shi. A dai sa doka cewa in an shigo ɗaki Hausa za a yi, kuma cikakkiya: a ba shi labari, a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici, a aike shi da saƙo mai tsawo ya dawo ya maimaita amsa. In ya ce “Mama ya zo”, ba sai an daka masa tsawa ko an tara 'yan'uwa ana dariya ba, yaron da aka kunyata rufe baki yake yi ya koma harshen da ba a yi masa dariya. A ce masa kawai, “I, ta zo, me ta kawo maka?” Kunnensa zai yi sauran aikin.

Zuwa gida kuma a daina ajiye shi sai yaro ya yi wayo. Mutane sukan ce bari ya gama firamare tukuna a kai shi wajen kakanni, alhali a lokacin ne ƙofar ta soma rufuwa. Ɗan shekara uku ko huɗu da ya yi dogon hutu guda a Kontagora ko Funtuwa cikin 'ya'yan baffanninsa ya fi ɗan shekara goma sha biyar da aka kai makarantar kwana a Arewa samun abin kirki. Kwana uku na Salla ba su isa ba, a bar shi ya yi wata guda ko biyu, ko da uwar za ta dawo ta bar shi.

Wanda yake so ya san inda ɗansa ya tsaya, ya gwada shi yau da dare. Ka ce masa, “Ga doki ɗaya, ga wani, ga wani. Me ka gani?” In ya ce dawaki, madalla. In ya ce dokoki, ka yi dariya a ciki ka ƙyale shi, yana kan hanya. In kuwa ya ce “doki plenti”, ko ya juya ya dubi uwarsa ta fassara masa tambayar, to, hutun da ke zuwa a sa shi a mota.